Gyara da Ladan Katin Bashi: Nazari Daga Kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu

Gabatarwa

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata al'adar ciniki wadda bankuna suka ƙago, inda mutum zai yi ta sayen kayan masarufi da katin bashi, in wata ya ƙare sai banki ya mayar masa da wani ɗan kaso daga cikin abin da ya kashe, kamar kwabo ɗaya ko biyu a kowace naira. Turawa suna kiran wannan abu kashbak, watau kuɗin da ya komo wa mai shi. Kalmar ta riga ta iso ƙasar Hausa ta cikin wayoyin hannu, har samari a Birnin Kebbi da Argungu suna faɗinta idan sun sayi katin waya. Da yawa daga cikinsu in aka nemi su fassara ta, sai su ce ai gyara ne. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan fassara, a ga ko ta zauna daidai. Akwai kuwa abin da ya isa ya sa mai nazari ya dakata tun daga farko: a kasuwar Bahaushe wanda ya biya kuɗi hannu shi ake yi wa gyara, wanda ya ci bashi ko kunyar nema yake ji, amma a tsarin kati sai ga shi mai cin bashin ne ake bi da lada.

Gyara a kasuwa

Gyara shi ne ɗan ƙarin da mai sayarwa yake yi wa mai saye bayan an gama ciniki, an auna ko an ƙirga kaya, an kuma yarda da kuɗi. Lokacinsa ke nan, bayan sallama. Wannan ne ya raba shi da ragi, domin shi ragi a cikin tayi ake neman sa, a kan kuɗi kuma yake faɗawa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. In an daidaita, mai saye ya miƙa kuɗi, sa'an nan ya ce, "To, a yi mini gyara mana." Sau da yawa ma ba sai ya ce ba.

Ba kowane irin kaya ake yi wa gyara ba. Wanda ya sayi saniya ko turmin atamfa ko babur ba ya jiran gyara, don ba a gutsuro su. Gyara na kayan awo ne da kayan kashi da kayan ƙirga: shinkafa da gero da wake, tumatir da tattasai da albasa, ƙosai da ƙuli-ƙuli, fura da nono, tsire da balangu. Ƙasar Kabi kuwa Allah ya hore mata irin waɗannan kaya. Fadamun gulbin Rima suna fid da shinkafa damina da rani, Aliero ta yi suna da albasa, Argungu kuma da kifi, ɗanye da banda. Mai kifi a Argungu yakan kasa ƙananan tarwaɗa ko karfasa kashi-kashi, in mutum ya ɗauki kashi uku ya ɗora masa guda ɗaya ko biyu daga gefe. Mai awon shinkafa takan cika mudu ya yi tozo, ta tare bakinsa da hannu don kada ya zube, in ta juye ta sake ɗibar ɗan tafi ta watsa a kai. Bafulatana mai nono takan ƙara rabin ludayi. Duk wannan a gaban idon mai saye ake yin sa, kuma daga cikin kayan mai sayarwa yake fita.

Ita kanta kalmar abin lura ce. Aikatau ɗin nan gyara yana nufin daidaita abin da ya karkace, ko cike abin da ya gaza. Ke nan kamar Bahaushe yana ɗaukar cewa kowane awo yana iya zuwa da tawaya wadda ido bai gani ba, sai a yi ɗan ƙari don a fita hakki. Ba abin mamaki ba ne al'ummar da ta tashi da karatun Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu, ta riƙe irin wannan al'ada; akwai kuma hadisin da aka ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai awo da ya rinjayar da ma'auni. Fatake sun kai kalmar nesa, har ta shiga bakin Yarabawa da Turancin kasuwa na kudancin Nijeriya da siffar jara, ma'anarta kuma ba ta sake ba.

Amma ba za a ce tsoron Allah kaɗai ke sa a yi gyara ba. Akwai dabarar kasuwa a ciki. Mai tumatir ya san abin da bai sayar yau ba gobe ya ruɓe, saboda haka gyaran yamma ya fi na safe kauri. Ya kuma san wanda ya ji daɗin hannunsa zai komo, ya zama abokin ciniki. Wani ma tun wajen kasawa yake rage kashi don ya sami abin da zai ƙara, mai saye kuma ya sani, shi ma ya san mai sayen ya sani, ba wanda ya yaudari wani. Akwai kuma wata 'yar ƙa'ida da yara suka kafa wa kansu, cewa in an aike su sayen ƙosai, gyaran na ɗan aike ne, a hanya ake cinye shi. Iyaye sukan kau da kai.

Game da bashi kuwa, shi ma kasuwa ta san shi sarai, tun da an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ma'aikacin gwamnati a Birnin Kebbi yakan ɗauki shinkafa da mai da sabulu a kantin unguwa, mai kanti ya rubuta a littafi, sai ƙarshen wata in albashi ya shigo a biya. Ba a ɗora masa ruwa. Jinginarsa ita ce sanayya da mutunci. Sai dai shi wannan mai ɗaukar kaya bashi ba ya tsananta tayi, ba ya kuma buɗe baki ya nemi gyara, domin jinkirin da aka yi masa shi ne alherin da ya samu.

Katin bashi da asalinsa

Katin bashi ya ɗauki wannan littafi na mai kanti ne ya miƙa wa banki. Maimakon kowane mai kanti ya san wanda zai ba bashi, sai banki ya tsaya wa mai kati: ya biya mai kanti nan take, shi kuma ya bi mai katin bashi. An fara wannan a birnin New York a 1950 da katin Diners Club, wanda aka yi don biyan kuɗin abinci a gidajen cin abinci. A 1958 Bank of America ya rarraba nasa katin a garin Fresno na Jihar Kalifoniya, wanda daga baya, a 1976, aka sake masa suna ya zama Visa. Shi wannan na biyu shi ya zo da abin da ya zama ginshiƙin sana'ar, watau mutum yana iya biyan wani sashe na bashin, sauran ya tsallaka wata mai zuwa da ruwa a kansa. Mayar da kuɗi ga mai saye kuwa ya bazu ne daga 1986, lokacin da kamfanin kantuna na Sears ya yaɗa katinsa mai suna Discover, ya yi alkawarin mayar da abin da ya kai kashi 1 cikin 100. Sauran bankuna suka bi sahu, har ta kai a Amurka kati mai mayar da kashi 2 cikin 100 ba baƙon abu ba ne.

Tsayawar wani mutum na uku tsakanin mai kaya da mai saye ba sabon abu ba ne ga Hausawa. Binciken da Abner Cohen ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya nuna yadda falke zai kawo shanu daga arewa, ya sauka wurin maigida, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, maigida ya tsaya a kan cewa za a biya, dillalai kuma su karɓi la'ada a kan kowace saniya. Falken bai san mahaucin ba, maigidan ya sani. In aka cire na'ura aka cire ruwa, aikin banki a cinikin kati bai yi nisa da na wannan maigida da dillalansa ba. Wannan misali zai yi amfani a gaba.

Daga ina kuɗin yake fitowa

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Banki ba shi da rumbun shinkafa da zai ɗebo tafi ya ƙara wa mutum, don haka tilas a tambayi inda yake samo abin da yake mayarwa. Hanyoyin biyu ne.

Ta farko ita ce kamashon da ake cirewa daga kuɗin mai kanti. Duk lokacin da aka saya da kati, kuɗin da ke isa hannun mai kanti bai cika ba. A Amurka akan cire abin da ya kama daga kashi 1.5 zuwa 3 cikin 100, mafi yawansa kuma bankin da ya ba da katin ne yake ɗauka. A ɗauki misali da kuɗinmu don a gane. A ce buhun shinkafa naira 50,000 ne, kamasho kuma kashi 2 cikin 100. Mai kanti zai karɓi 49,000, naira 1,000 ta tafi wajen banki da kamfanin kati. Daga cikin wannan 1,000 ne banki zai yago 500 ya mayar wa mai saye, ya ce ga ladanka. Mai kanti kuwa ba zai yi ta ɗaukar asara ba. Da ya ga yawancin masu zuwa kantinsa da kati suke biya, sai ya ɗora kamashon a kan farashi, kuma farashin nan ɗaya ne ga kowa. Tsohuwar da ta kwance bakin zanenta ta biya tsaba ita ma ta biya ƙarin, ba kuwa abin da zai komo mata. Masu bincike na reshen Babban Bankin Amurka da ke Boston sun ƙididdige wannan a 2010, suka samu cewa a kowace shekara gidan da ke biya da tsabar kuɗi yana asarar kimanin dala 149 ta wannan hanya, gidan da ke biya da kati kuma yana samun kimanin dala 1,133. Da yake masu hali su suka fi riƙe katunan da ke da lada mai tsoka, sai ya zama daga aljihun talaka abin yake gangarawa zuwa na mai kuɗi.

Abin da ya faru a Turai ya ƙara tabbatar da wannan bayani. A 2015 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa kason da bankin mai kati zai karɓa kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100 a katin bashi, da kashi 0.2 a katin cire kuɗi. Ba a daɗe ba bankuna da dama suka rage ladan da suke bayarwa, wasu suka soke shi. Da rijiya ta ja baya, guga ya fito da ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ruwa. Wanda ya biya bashinsa duka kafin wa'adi ba a ɗora masa kome, ya ci lada ya tsira. Amma banki ya san ba kowa ne zai iya haka ba, kuma ladan da aka rataya yana sa hannu ya yi saurin zuwa aljihu. A shekarun 2023 da 2024 matsakaicin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. A koma kan buhun shinkafar nan. Mutum ya ci ladan naira 500, amma wata ya ƙare bai biya 50,000 ɗin ba. In ruwan kashi 2 cikin 100 ne a wata, an ɗora masa 1,000, watau ninki biyu na abin da aka ba shi, wata na gaba kuma a ɗora wani ruwan har a kan ruwan farko. A nan ne amsar tambayar da aka yi a gabatarwa take. Mai kanti na unguwa ba ya cin kome a kan jinkiri, shi ya sa ba shi da dalilin kwaɗaitar da kowa cin bashi. Banki kuwa jinkirin nan shi ne amfanin gonarsa.

Halin da ake ciki a ƙasar Kabi

Katin bashi irin na Amurka bai yaɗu a Nijeriya ba, balle a Jihar Kebbi. Katin da ke hannun ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa, ko Verve ne ko Visa ko Mastercard, galibi na cire kuɗi ne, watau abin da mutum ya ajiye shi yake taɓawa. Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya fitar da ƙa'idojin wakilan bankuna a 2013, daga nan masu POS suka fara kafa tebur da lema a bakin kasuwanni da tashoshin mota. Manoman shinkafa da yawa sun buɗe asusu ne ta dalilin shirin ba da rancen noma na Babban Banki, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Amma abin da ya tura jama'a ga kati da tura kuɗi ta waya da ƙarfin tsiya shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 kuma tsaba ta yi wuyar gani, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni an ga mai kayan miya da mai nama, waɗanda ba su taɓa tunanin asusun banki ba, suna karanta wa mai saye lambar asusun ɗansu ko ta maƙwabci.

Abin sha'awa, ko kuwa abin takaici, shi ne a nan kogin baya yake gudu. An daɗe mai POS yana karɓar naira 100 a kan kowace 5,000 da aka cira, wani lokaci fiye, a lokacin ƙarancin tsaba kuwa an karɓi ninkin-ba-ninkin haka. Naira 100 cikin 5,000 kashi 2 ne cikin 100, daidai abin da ake mayar wa Ba'amurke. Ga kuma harajin naira 50 da Dokar Kuɗi ta 2020 ta tabbatar a kan kuɗin da aka tura in sun kai 10,000. Ɗan kasuwar Birnin Kebbi bai saba ɓoye irin wannan a cikin farashi ba, yakan ce kai tsaye, "In da kati za ka biya, ka ƙara na caji." Mai saye yakan ji haushi, amma in an duba da kyau wannan ya fi adalci, domin wanda ya yi amfani da na'ura shi ya biya kuɗinta, tsohuwa mai tsaba ba ruwanta.

Inda kashbak ya sami shiga sosai shi ne manhajojin waya irin su OPay, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2018, da PalmPay, wadda ta biyo baya a 2019. Sun jawo matasa da mayar musu da 'yan nairori in sun sayi katin waya ko data. Tushen wannan ma kamasho ne: kamfanonin sadarwa suna sayar wa dillalansu kati da rangwame, kamar yadda suke yi wa mai sayar da kati a bakin titi, ita kuwa manhaja sai ta raba rangwamen da mai saye don ya zauna tare da ita. Wani lokaci kamfani yakan ƙara daga kuɗin tallarsa. A irin wannan mutum kuɗinsa ya kashe, bai ci bashi ba, haɗarin kuma kaɗan ne, sai fa in ya bi ta ƙofar rance mai ruwa da akan buɗe a kusa, wadda dannawa biyu ko uku ta isa a shige ta.

Ta fuskar shari'a

A ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, ba a raba maganar ciniki da maganar halal da haram. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a bayar ko a karɓi katin bashi wanda aka shardanta ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adi. Ta halatta kati marar wannan sharaɗi, ta kuma halatta wa banki ya karɓi kamasho daga mai kanti, muddin farashin da aka sayar wa mai kati bai ɗara na mai tsaba ba. Bisa wannan, matsalar tana ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun kafin a zo maganar lada. Game da ladan katin cire kuɗi kuwa malamai sun saɓa. Masu halattawa suna ganin rangwame ne ko kyauta a kan ciniki. Masu tsantseni suna cewa kuɗin da mutum ya ajiye a asusu rance ne ya ba banki, kyautar da wanda ake bi bashi ya yi wa mai binsa kuwa abar tuhuma ce a fiƙihu, sai in an tabbata daga kamashon ciniki ta fito. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, suna da kwamitocin malamai masu duba irin waɗannan mas'aloli kafin a fito da kowane tsari.

Batun suna

Saura a komo ga fassara. Kalmar gyara tana da abin da ya sa ta zo bakin mutane: ƙari ne kaɗan, bayan ciniki yake zuwa, kuma ana yin sa don a riƙe abokin ciniki. Amma mai yin gyara shi ne mai kaya, daga kayansa, da hannunsa, ga mutumin da yake kallo, kuma yakan duba fuska, ya ƙara wa tsoho ko almajiri ko da sayayyarsu ba ta taka kara ta karya ba. Ladan kati lissafin na'ura ne, wanda ya fi kashewa shi ya fi samu. Ragi ma bai dace ba, tun da farashi bai sauka ba, hasali ma hawa ya yi. Tukuici na ɗan aiken da ya kawo kyauta ne, a nan kuwa ba kyautar da aka kawo.

Misalin cinikin shanu na Sabo shi ya fi kusa. A ce dillali ya karɓi la'adarsa daga hannun falke, sa'an nan ya kewaya bayan kara ya kira mahauci ya danƙa masa rabi, ya ce gobe ma ta hannuna za ka saya. Falke kuma, da ya gane, sai ya ƙara kuɗin shanunsa ga kowa. In ana son sunan da zai faɗi abin da ke faruwa, to rabon la'ada ne. Masu aikin fassara a gidajen rediyo da masu tsara ƙamus suna iya amfani da shi wajen bayani, ko da bakin jama'a ya zaɓi kashbak kamar yadda ya karɓi kamasho da canji da caji. Abu ne mai wuya dai a ga ranar da wani banki zai rubuta rabon la'ada a allon tallarsa a kan hanyar Argungu.